Tun da aka ɗaga gaban Hilux ɗina take cin shaf: in saka mata aksil ɗin tsohuwar Hilux?

Ɗan Nguroje:

Assalamu alaikum. Shawara nake nema wurin masu Hilux da makanikai. Motata Vigo ce ƙirar 2011, mai injin fetur 2.7, mai okzilari. Maganin dabbobi da gishiri nake kaiwa kasuwannin tsaunin Mambila, daga Nguroje zuwa Gembu har Mayo Ndaga. Wanda ya bi hanyar Mayo Ndaga da damina ya san abin da nake nufi: jan taɓo, ga ramuka biyu da tsofaffin Land Rover suka haƙa da tayoyinsu, tsakiya kuma ta yi tudu kamar kunyar doya.

Bara na sa aka ƙera mini bamba ta ƙarfe, na ɗora winci. Nan take gaban motar ya sunkuya, cikinta ya riƙa gugar tudun nan. Wani bakanike ya saka mini zoben alminiyam mai kaurin inci ɗaya da rabi a saman shokazoba. Mota ta miƙe ta yi kyau, har tsayar da ni ake yi ana tambaya. Amma cikin wata biyar robar shaf (sandar da ke juya tayar gaba) ta dama ta yage sau biyu, in na karya sitiyari sai in ji ƙas-ƙas-ƙas. Talatar da ta wuce shaf ɗin ya karye a wani hawa, ina ɗauke da buhu goma sha biyu. A mota na kwana, kun kuma san sanyin wurin nan.

Yanzu wani ya ce in yanke gaban gaba ɗaya, a jona mini aksil ɗin tsohuwar Hilux, irin sandar nan guda. Ya kuke gani?

Bakaniken Ƙofar Ruwa:

Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya kiyaye gaba. Kada ka yanke komai tukuna, zoben nan ne ya ci maka shaf.

Gaban Vigo ba sanda guda ba ne irin na bayanta. Tukunyar giyar gaba a jikin shasi take a ɗaure, sai shaf biyu su fita daga cikinta zuwa tayoyi, kowace taya da nata hannaye, na sama da na ƙasa. In ka ɗaga mota, tukunyar ta tashi tare da shasi, tayoyi kuwa suna ƙasa, sai shaf ya karkace yana aiki a gicciye. Ninkin robar ya riƙa gugar juna har ta yage, giris ya fice, taɓo ya shiga. Ƙarar da kake ji, ƙwallayen ciki ne suka cinye.

Ga abin da yawancin masu saka zobe ba sa lissafawa. Shokazobar ba a bakin taya take zaune ba, a tsakiyar hannun ƙasa take. Saboda haka zoben inci ɗaya da rabi yakan ɗaga mota kusan ninkinsa. Auna ka gani, za ka tarar ta doshi inci 3. Ni ba na wuce inci 2, wato milimita 50, a Vigo, sai in mai ita ya yarda a canza hannayen sama kuma a sauke tukunyar ƙasa kaɗan. Leƙa bayan tayar da tocila: in ka ga hannun sama ya goge fentin sifirin ya bar tabo mai sheƙi, to bol joyin ɗinka, mahaɗin hannu da taya, shi ma yana kan hanyar lalacewa, kuma shi in ya fita taya ce ke kwanciya.

Asalin ciwon motarka nauyi ne. Ka ɗora mata bamba da winci a kan sifirin da ba don su aka yi shi ba. Cire zoben, ka nemi sifirin da shokazoba 'yan saiti ɗaya waɗanda aka yi domin mota mai ƙarin nauyi a gaba. Old Man Emu na kamfanin ARB da Ironman 4x4, duka daga Ostireliya, suna yin na Vigo, kuma sifirin ɗinsu hawa-hawa ne gwargwadon nauyi. Faɗa wa mai kaya cewa kana da bamba da winci. Bayan an ɗaura, a yi alaimen ranar, ba sai taya ta cinye gefe ɗaya ba.

Direban Agadas:

Maigida, sannu da wahala. Mu nan ba taɓo muke sha ba, rairayi ne, amma Hilux ita ma tana bin hanyar Dirku da lodi har sama. Gaskiya ɗaya ce, sanda guda ta fi juriya, shi ya sa mai hali ke sayen Land Cruiser 79. In zuciyarka na kan sanda, sayar da Vigo ka cika kuɗi. Amma ko ka ɗaga bodi ya kai rufin ɗaki, tukunyar baya tana nan inda take, ita ce za ta kama tudun. Taya kaɗai ke ɗaga ta. Wace lamba ke ƙafarka?

Ɗan Nguroje:

265/70R16 ce, irin ta kwalta. Ban taɓa kawo taya a raina ba, wallahi.

Direban Agadas:

To ka gani. Koma 265/75R16 mai manyan haƙora irin ta laka. Ta fi taka tsayi da kamar inci ɗaya, rabin inci ke nan a ƙarƙashin tukunya. Kaɗan ne a baki, amma haƙoran ne za su yi maka aikin. Kada ka zarce haka, babbar taya tana kashe ƙarfin mota a hawa, tana kuma ƙara wa shaf wahala. Ka riƙa rage iska in za ka shiga wuri mai santsi, ka ajiye famfo a mota.

Baba Mai LN106:

Ɗana, ni ke da irin motar da ake so a ciro maka aksil ɗinta, mai injin dizal 2.8, kuma ta girmi wasu a cikinku. Wajen 1997 Toyota ta daina yi wa Hilux wannan gaban. Ina son ta, amma bari in gaya maka abin da mai ba ka shawara bai faɗa ba.

Aksil ɗin ya fi na Vigo ƙunci, tayoyin gaba za su shige ciki, na baya su fito. Sitiyarinka irin na sanda mai haƙora ne, ba ya aiki da wannan aksil, sai an nemo tukunyar sitiyari an huda shasi an ɗaura. Sai an yanke mazaunin hannaye, an yi waldar mazaunin sifirin mai ganye. Sannan dole haƙoran giyar gaba su yi daidai da na baya, in ba haka ba ranar da ka saka okzilari gaba da baya za su yi ta kokawa har wani abu ya fashe. Ramukan noti shida na wili ne kawai za su dace ba gardama. Duk wannan walda, a kan motar da za ta gangaro daga tsauni zuwa Mayo Selbe da lodi? Ni ba zan shiga ba.

Kuma kada a ruɗe ka, tawa ma tana karya haɗin da ke cikin ƙwallon aksil. Yadda ake karya shi ɗaya ne a kowace mota: sitiyari a karye har ƙarshe, ƙafa a kan totur, taya na juyawa a banza, sai ta cafki dutse farat ɗaya. Faɗa mini gaskiya, ba haka aka yi ranar Talata ba?

Ɗan Nguroje:

Baba, kamar kana wurin. Ina H4, wato okzilari na gudu, na ga za ta tsaya, na taka iya ƙarfina ina murza sitiyari don in fita daga ramin. Winci na gabana ban ko tuna da shi ba.

Na auna ɗazu kamar yadda Oga bakanike ya ce, inci 3 saura kaɗan, kuma tabon na nan a jikin sifirin ta ɓangaren dama. Gobe za a cire zoben. Oga, shaf ɗin fa, in sa sabo na kwali ko in nemi ɗan Beljiyam na asali?

Bakaniken Ƙofar Ruwa:

Ɗan Beljiyam na asali, in robarsa ba ta taɓa yagewa ba. Riƙe shi da hannu biyu ka murɗa, in ka ji yana wasa ka ajiye. A wanke, a cika sabon giris baƙi, a sa sabuwar roba. Sayi biyu, ɗaya ya zauna a bayan kujera tare da soket ɗin babban notin. Kuma daga yau, L4, wato okzilari mai ƙarfin ja a hankali, tun daga gindin hawa.