Injin cika gas na AC yana yankewa da zarar an zo cikawa

Assalamu alaikum, masu gyara. Ina neman taimako kan injin da muke zuƙe gas ɗin R134a daga AC ɗin mota mu sake cikawa. Tun ranar da wuta ta dawo da ƙarfi ya rikice.

Yana kunnuwa lafiya. Zuƙe gas yana yi, famfon fitar da iska ma yana aiki. Amma da na danna cikawa, sai rile (makunnin da wutar lantarki ke kunnawa) ya yi ƙara, lambobin sikelin auna gas su riƙa tsalle, daga gram 600 su koma sifili, allon ya ɗauke ya sake tashi daga farko. Gas ko kaɗan ba ya shiga motar.

Na duba fiyus, lafiyarsa ƙalau. Na canza rilen, ba ta sauya zani ba. Na ba solenoid ɗin (bawul ɗin da ke buɗe hanyar gas) wuta kai tsaye, ya buɗe. Na saita sikelin da nauyin da na sani, karatunsa daidai ne muddin ba a danna cikawa ba.

Abin da ya tsaya min a rai shi ne awon mita a kan bod ɗin injin: layin 12V yana nan, amma na 5V yana faɗowa zuwa 4.2V daidai lokacin da rilen ya kama. Kafasito ɗaya kusa da 7805 (abin da ke rage wuta zuwa 5V) ya ɗan kumbura.

Shin canza 7805 da kafasiton zai isa, ko faɗuwar wutar tana nuna wani abu ne ke janye ta a gaba? Na gode.