Neman Kalmar Hausa: Me Za Mu Kira Gyaran da Malami Ke Bari a Jikin Kundi ta Kwamfuta?

Malamai da ɗalibai, assalamu alaikum. Tun da karatu daga nesa ya kankama a Jami'ar Ahmadu Bello, ɗalibi yana Legas ko Maiduguri, malamin da ke duba kundinsa yana Samaru, sai babi ya daina zuwa ofis a cikin fayil ana bin sa da jan biro. Yanzu ta imel ake turo shi, malami kuma ya kunna abin da manhajar Microsoft Word ta kira Track Changes. Wannan sunan nake nema wa Hausa, domin na gaji da jin ɗalibanmu na Hausa suna cewa "an yi mini tirak cenjis".

Ya kamata mu fara sanin aikinsa kafin mu raɗa masa suna. Idan malami ya goge kalma, ba ta ɓacewa, sai a ja layi a tsakiyarta. Idan ya ƙara wata, sai ta fito da launi dabam, tare da sunan wanda ya yi gyaran da lokacin da ya yi shi. Daga nan ɗalibi ke bi ɗaya bayan ɗaya, ya karɓa ko ya ƙi. Google Docs ma yana da makamancinsa.

Wani abokin aiki ya kawo "jan biro". Kalmar tana da daɗin baki, amma launin ba kullum ja ba ne, domin kowane mai gyara da nasa launin, kuma jan biro hukunci ne da ba a tambayar ɗalibi ko ya yarda. An kuma kawo "bin diddigin gyara", sai dai bin diddigi a kunnen Bahaushe yana ɗauke da zargi, kamar ana farautar mai laifi.

Ni abin da na tsaya a kai shi ne "sawun gyara". Sawu shi ne abin da mai wucewa ya bari a ƙasa, wanda ke nuna wa ya bi, ta ina ya bi, kuma bai hana wani bin wata hanya ba. Kalmar tana shiga jimla ba tare da tilas ba: "kunna sawun gyara kafin ka taɓa babi na biyu", "na bi sawun gyaran Malam", "kada ka share sawun sai na gani". Wannan ta ƙarshe ta fi muhimmanci a wurina, domin malamin da ya sake wa ɗalibi rubutu ba tare da ya kunna shi ba, sawun giwa ne ya taka na raƙumi: kundin ya gyaru, amma ɗalibin bai san inda ya yi kuskure ba, ranar kare kundi kuma shi za a tambaya.

Wani dattijon malaminmu ya ja hankalina cewa mutane za su rikita shi da "sahu". Allah ya gafarta Malam, na karɓi wannan gyara: a rubuta "sawu", domin sahu na salla ne da jerin gwano. Shi ne kuma ya ba da shawarar a kira bayanan da ake liƙawa a gefen shafi "hashiya", kamar yadda almajiran zaure a cikin birnin Zazzau suka san ta a littattafan fiƙihu. Ban ga abin da ya fi ta dacewa ba.

Saura maɓallin nan da ke karɓe dukkan gyare-gyare a danna ɗaya, wanda ɗalibi mai gaggawa ke latsawa bai karanta ko layi guda ba. Na rubuta "karɓa duka" a takardar da nake raba wa ɗalibaina, amma idan akwai mai wadda ta fi ta, ina sauraro.