Latte da Ƙuri'a: Musayar Baitoci kan Gahawar Amurka

Mai Tukunya:

Sallama gare ku 'yan'uwa,
Ga wani zance a bakin Amurkawa:
Wai mai shan latte Dimokurat ne,
Ɗan Rifablikan sai baƙar gahawa.
A 2004, gab da zaɓen fid da gwani,
Ƙungiyar masu ra'ayin riƙau, Club for Growth, ta sa talla a jihar Ayowa,
Ta yi wa Howard Dean, ɗan takarar Dimokurat, da mabiyansa gori
Da shan latte da son haraji ya yi ta hawa.
Malama, ke da kika san sana'ar,
Me ke cikin kofin har ya kai ga gorantawa?

Mai Injin Gahawa:

Malam, latte yawancinta madara ce,
Sunan ma madara ne gun Italiyawa.
Giram 18 na garin gahawa mai laushi,
A danne shi daidai kafin ɗaurawa.
Ruwan zafi ya ratsa shi da ƙarfin inji,
Daƙiƙa 25 zuwa 30 yana tsiyayowa.
In ya zubo da wuri tsami za ka ji,
Garin ya yi tsaki, sai a ƙara niƙawa.
In ya yi nawa ɗaci zai rinjaya.
Madara kuwa digiri 65 ake tsayawa,
Ta haura 70 zaƙinta ya gudu,
Kumfar ma ba ta jimawa.
Inji da tsada, mai haɗi sai da horo,
Dalilin da kuɗin kofin ke ƙaruwa.
Baƙar kuwa giram 60 ne a lita,
Ruwa ya bi ta matata, sai zubawa.
Gorin na aljihu ne, Malam,
An raba mai hali da talakawa.

Mai Ƙididdiga:

Yaya, kin yi gaskiya, bari in ƙara.
A 2018 an zauna an yi ƙirgawa:
Diana Mutz da Jahnavi Rao,
A Jami'ar Pennsylvania suka yi dubawa.
Masu sassaucin ra'ayi, ɓangaren Dimokurat, 16 cikin 100
Latte suke zaɓa in ana tambayawa,
Masu ra'ayin riƙau 9 ne kacal,
Ratar 7 ce, ba ta da yawa.
Sun danganta ta da sakin jiki da kayan waje,
Wani na maraba, wani na ɗari-ɗari da karɓuwa.

Mai Tukunya:

Ƙanena, amma gorin bai mutu ba.
A 2014 Obama daga jirgi yana saukowa,
Kofi a hannu ya sara wa soja,
Aka kwana ana ta caccakawa.
A shekarar aka kafa kamfanin gahawa Black Rifle,
Tsoffin soja da masu bindiga yake jawowa.

Mai Ƙididdiga:

Haka ne Malam, ga inda ake kuskure:
Shagunan gahawa na Starbucks a birni suke taruwa,
Manyan birane kuwa Dimokurat suke yi,
Sai a ɗauka kofin ne ke zaɓowa.
Duba 84 cikin 100 na masu sassauci,
Ba latte ba ce suka fi ɗaukowa.