Rareté: ƙamfa ce ko ƙayyadewa?

Jama'a, a kawo ɗauki. Daren jiya a fadarmu ta shayi, nan unguwar Zango a Damagaram, ƙanena ɗan jami'a yana kwatanta mana abin da ya ba Bitcoin, kuɗin intanet ɗin nan, daraja, sai ya cije a kan kalmar Faransanci rareté. Ya ce da Hausa mu ce ƙaranci kawai. Ni dai ban gamsu ba.

Ƙaranci ko ƙamfa, ɗan Damagaram ba sai an fassara masa ba. Watan Afrilu pampo ya ƙafe, kana bin ɗan ga-ruwa kana lallashi, kuɗin bido ya ninka. Wannan masifa ce da ake addu'ar ta wuce.

Na Bitcoin kuwa da gangan aka yi shi. Tun da ya fara aiki a 2009 aka rubuta cikin tsarinsa cewa ba zai taɓa wuce miliyan 21 ba. Ladan masu haƙarsa, wato masu na'urorin da ke tabbatar da cinikinsa, ya fara da Bitcoin 50 a kowane zubi, kusan duk shekara huɗu ana raba shi biyu, a Afrilun 2024 ya sauka zuwa 3.125. Masu shi ma murna suke da hakan. Wa ya taɓa murna da ƙamfa?

Wani ya ce tsada. A'a, tsada ɗiya ce, uwar muke nema.

Sai kawu, da muke zaton gyangyaɗi yake, ya tuna mana wuri, ƙwanson tekun da ake ciniki da shi a da, wanda shi ne asalin kalmar kuɗi. Daga tsibiran Maldibis ake kawo shi, nisa ya sa shi daraja. A ƙarni na 19 ƴan kasuwar Turai suka riƙa jibgo na Zanzibar jirgi-jirgi, wuri ya karye. Ya ce abin da wuri ya rasa shi ne mai cewa "daga nan ba ƙari".

Nan na samu tawa: ƙayyadewa. Kuɗin intanet mai ƙayyadadden adadi. Tana da ɗan tsawo, na sani, amma tana nuna da hannun mutum a ciki.

Mai shayi bai bar mu mun tashi haka ba. Ya ce tsohuwar butarsa ma ɗaya ce tak a duniya, kuma ko dala babu mai tayawa a kasuwar Dole. Ƙanena ya ce ai wannan maganar karɓuwa ce, daban take. Mai shayi ya ce to, kafin a karɓa, a ba shi dala ashirin ɗinsa da sefa.

Malamai masu Hausar Jami'ar André Salifou ta nan Damagaram, ƙayyadewa ta zauna, ko kuna da gajeruwa?