Shin kainuwa za ta rayu a kwamin kifi da akwatin gilashi?

Mai Lambu:
Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ina da ƙaramin kwami na siminti a tsakar gida wanda nake kiwon karfasa a cikinsa, da kuma akwatin gilashi na kifin ado a falo, amma ruwansu yakan yi kore da gansakuka. An ba ni shawarar in saka kainuwa, shi ya sa nake neman sanin ko za ta rayu a wuraren biyu, kuma ko tana da illa ga kifi.

Ɗan Fadama:
Wa alaikumus salam, Malam. A kwami za ta rayu ba tare da wahala ba, domin kainuwa dashen Allah ce, ba ta buƙatar ƙasa. Saiwoyinta suna reto a cikin ruwa suna tsotse sinadaran da ke fita daga kashin kifi da ragowar abinci, waɗanda su ne gansakuka ke ci, ganyenta kuma yana hana gansakukar samun hasken rana. Sai dai ina jan kunnenka game da saurin yaɗuwarta, domin uwar takan miƙa jijiya ta gefe ta fitar da 'ya'ya, kuma idan ta rufe fuskar ruwa iska ba za ta shiga ba, sai ka ga kifi ya taso da asuba yana buɗe baki. Ka riƙa kwashewa, ka bar fiye da rabin ruwan a buɗe. Ka sani kuma karfasa tana cin saiwoyinta.

Malamar Kimiyya:
Malam, akwatin gilashi ya fi wuya. Tana son haske mai ƙarfi da ruwan da ba ya motsi sosai, kuma idan gumin murfi yana ɗiga a kan ganyenta mai laushin gashi, sai ya ruɓe. Idan daga kududdufi za ka ɗebo ta, ka wanke ta sosai ka ajiye a bokiti na ɗan lokaci, domin ƙananan katantanwar da ke yaɗa tsargiya da tsutsar wani nau'in sauro suna maƙalewa a saiwoyinta.

Ɗan Fadama:
Gaskiya ne, Malama. Wadda aka kwashe kuma a shanya ta a rana a yi taki da ita, kada a zuba ta a kwata ko rafi, domin mutanen Haɗeja da Nguru sun san yadda wata ciyawar ruwa mai yaɗuwa irinta, wato kacalla, ta toshe musu hanyoyin ruwa.