Tambaya kan dashen ɓargo, ƙanina ne ba lafiya

Maman Hanifa:
Assalamu alaikum 'yan uwa, don Allah masu sani a taimaka min. Ƙanina shekararsa 19, wata huɗu kenan aka gano yana da sankarar jini, AML suka ce sunanta, an yi masa kemo zagaye biyu Alhamdulillah ta lafa amma likita ya ce irin tasa tana yawan dawowa idan ba dashen ɓargo aka yi ba. Mu biyar ne a ɗakinmu, sai 'yan uba bakwai. Ni na ce a gwada ni amma Hajiyarmu ta ƙi fir, wai ta ji huda gadon baya ake a zuƙe lakar mutum, zan iya shanyewa ko in daina haihuwa. Wai haka ne?

Baban Sadiq:
Wa alaikumus salam, Allah Ya ba shi lafiya. Hajiya ta haɗa abu biyu ne, laka daban ɓargo daban, ba a taɓa laka kwata-kwata. Yanzu ma yawanci ta jini ake ɗiba, za a yi miki allura kwana huɗu zuwa biyar ta koro ƙwayoyin da ke haifar da jini daga cikin ƙashi su fito jijiya, sai a jona ki da na'ura na wasu awanni ta tace su ta mayar miki da sauran jininki. Ciwon ƙashi da kasala za ki ji na 'yan kwanaki. In kuma daga ƙashin ƙugu za a ɗiba to sai an sa ki barci, kuma jiki na mayar da abinsa cikin makonni. Haihuwarki ba abin da zai same ta, shi maras lafiyan ne ma ya kamata ku yi wa likita wannan tambayar a kansa saboda ƙarfin kemon da ake yi kafin dashe.

Amma ba ke kaɗai za a gwada ba, duk 'yan ɗakinku. Gwajin HLA ake yi, wato na wasu alamomin ƙwayoyin jiki da ake gada daga uwa da uba, ba rukunin jini ba, kuma duk shaƙiƙi uwa ɗaya uba ɗaya damar ya dace gaba ɗaya, ɗaya ce cikin huɗu. 'Yan uba da wuya su dace gaba ɗaya tunda rabin gadon daga uwa yake zuwa.

Ummu Khalil:
Ni fa na ji akwai ƙwayar da ake sha ba sai an yi dashe ba, Glivec, maƙwabcinmu har Ile-Ife yake zuwa karɓa kuma ya fi shekara goma yana harkokinsa.

Baban Sadiq:
Ummu Khalil gaskiya ne amma wannan na CML ne, wata irin sankarar jinin mai tafiya a hankali, tun 2001 maganin ya fito ya canja rayuwar masu ita. AML ba ta jin sa.

Yaya Auwal:
Maman Hanifa ko da ba wanda ya dace a cikinku kar ku karaya. Da can in ba cikakken dacewa an gama magana, don sabon ɓargon kan juya ya far wa jikin mai karɓa, fata da hanji da hanta. Sai masu bincike a Johns Hopkins ta Amurka suka gano in aka ba da maganin cyclophosphamide a kwana na uku da na huɗu bayan dashe yana kashe ƙwayoyin da ke wannan faɗan, shi ya sa yanzu ake dashe da rabin dacewa, uwa ko uba ko ɗan uba ma zai iya bayarwa. Wannan mu ya fi yi wa amfani wallahi don baƙar fata ba mu da yawa a rajistar masu ba da ɓargo ta duniya. A nan gida asibitin koyarwa na Benin ya fara dashe a 2011 amma na sikila ne, ku tambayi likitansa inda ke karɓar irin nasa.

Maman Hanifa:
Na gode ƙwarai Allah Ya saka da alheri. Na karanta wa Hajiya ta yi shiru, ta ce gobe tare za mu je ta ji daga bakin likita da kanta, kuma wai in rabin ma ana yi to ita a fara gwadawa.