Neman shawara: ta yaya ƙasar da ba ta da ɓangare ke shiga NATO?

Mai tambaya: Assalamu alaikum malamaina. An ba ni aikin gabatar da bayani a aji kan shigar Finlan da Suwidin ƙungiyar tsaro ta NATO. Abin da ya ɗaure min kai shi ne, rana ɗaya suka miƙa takardar neman shiga, 18 ga Mayun 2022, amma Finlan ta shiga ranar 4 ga Afrilun 2023, Suwidin kuwa sai 7 ga Maris ɗin 2024. Daga ina zan faro, kuma me ya jawo wannan tazara?

Amsa ta farko: Wa alaikumus salam ƙanena. Faro da sashe na 10 na yarjejeniyar Washinton ta 1949, wadda ta kafa NATO. Ya buɗe ƙofa ga ƙasashen Turai kaɗai, kuma sai duk mambobi sun amince baki ɗaya. Ƙasa za ta rubuta wa babban sakataren NATO, a tattauna batun sojojinta da kuɗin da za ta riƙa bayarwa, sannan mambobi su sa hannu kan takardar shigar da ita. Na waɗannan biyun an yi ranar 5 ga Yulin 2022. Daga nan kowace ƙasa ta tabbatar da takardar a gida, galibi ta majalisa. A lokacin ƙasashe 30 ne. Ƙarshe sai sabuwar ta ajiye takardarta a hannun gwamnatin Amurka.

Amsa ta biyu: A majalisun nan ne gizo ke saƙa. Ƙasashe 28 sun gama da wuri, Turkiyya da Hungari suka ja ƙafa. Turkiyya ta ce Suwidin na ba 'yan PKK (ƙungiyar Kurdawa masu ɗauke da makamai) da mabiya Gulen (malamin da Turkiyya ta zarga da kitsa yunƙurin juyin mulki) mafaka, ta kuma nemi a janye takunkumin makaman da aka sa mata a 2019. Turkiyya da ƙasashen biyu sun sa hannu kan yarjejeniyar fahimta a Madrid a Yunin 2022, amma ƙona Alƙur'ani mai girma da aka yi a gaban ofishin jakadancin Turkiyya a Stockholm a Janairun 2023 ya mai da hannun agogo baya. Sai aka raba batun Finlan da na Suwidin. Majalisar Turkiyya ta amince da Finlan a Maris ɗin 2023, Suwidin sai 23 ga Janairun 2024, kuma kwanaki kaɗan bayan haka Amurka ta amince da sayar wa Turkiyya jiragen yaƙi na F-16. Hungari ce ta zo ƙarshe, 26 ga Fabrairu. Kawo misalin Masedoniya ma: Girka ta tare ta a 2008 kan rikicin sunan ƙasar, ba ta shiga ba sai 2020.

Amsa ta uku: Ɗan'uwa, kada ka nuna kamar dare ɗaya suka sauya. Tun 1994 ƙasashen biyu suke haɗin gwiwa da NATO, suka shiga Tarayyar Turai a 1995. Mamayar da Rasha ta yi wa Yukren a Fabrairun 2022 ce ta juya ra'ayin jama'a, har majalisar Finlan, mai iyakar kilomita 1,340 da Rasha, ta amince da neman shiga NATO da ƙuri'a 188, 8 suka ƙi. Ka kula da haɗarin zaman jira: sashe na 5, na taron dangi idan an taɓa ɗaya, ba ya kare mai neman shiga. Shi ya sa Birtaniya ta ba su tabbacin tsaro a rubuce ranar 11 ga Mayun 2022, mako guda kafin su miƙa takarda.